Labarin Watan Baba

"Kin sake ɗaga bikinmu ke nan?" Dogo ya tambaya, yana jingine da teburin kantin maganin da Auta ke aiki.

"Ban ce na fasa ba. Cewa na yi ka ƙara haƙuri."

"Sanyin idona, an yi mini canjin wurin aiki. Wata mai zuwa zan tashi, kuma da matata nake son tafiya. Ko laifi ne?"

"Baba fa? Wa zai ɗiga masa magani a ido? Wa zai karanta masa littafi?"

"Kina da yayye maza har biyu..."

"Yayye!" Ta dire kwalbar da ke hannunta. "A waya nake da su!"

Dogo ya ce a hankali, "Ba zan raba ki da Baba ba. Amma ki faɗa mini matsayina kafin in ɗaure kayana."

Ya fita. Ta bi bayansa da kallo.

Tun da idon Baba ya rufe, Auta ce idonsa. Gidansu suna da zauren hira a waya, inda duk ƙarshen wata kowa ke zuba labarin watansa: inda ya je, abin da ya gani, abin da ya karanta. Ita kuma ta zauna gefen kujerar Baba tana fassara masa hotunan. Kullum takan rufe da cewa, "Kuma yana gaishe ka sosai." Babu wanda ya taɓa rubuta hakan. Ita ke ƙarawa, don ta ga murmushin tsohon.

Da yammacin ranar ta janyo kujera kamar kullum.

"Yaya Babba ya je taro bakin teku, Baba. Ga shi cikin jirgin ruwa, iska ta cika masa riga."

"Oho! Shi da ko kwata ba ya iya tsallakewa yana yaro!" Baba ya yi dariya.

"Yaya Ƙarami ya kai yara gidan namun daji. Ya ce kuma ya gama wani littafi kan muhimmancin zumunci, wai ya taɓa masa zuciya."

Ta kife wayar a cinyarta. Zumunci! Unguwa biyu ce tsakaninsu, amma rabonsa da gidan har ta manta. An yi karatu, an ga duniya, ana rubuta kalamai masu daɗi, amma jinyar uba an bar wa mace don ita ce mace, kowa kuma ya ɗauka haka abin yake tun asali.

Baba ya karkato kunne. "To, gaisuwata fa?"

Ƙarya ɗaya ce, ta saba da ita. Amma yau bakinta ya ƙi.

"Babu, Baba."

"Sun manta wannan karon?"

"Ba su taɓa rubutawa ba... Ni ce nake sawa."

Yatsun Baba suna shafa hannun kujera. Auta ta yi da-na-sani, hawaye suka zubo mata.

Baba ya ce, "Yaron nan mai tsawo fa? Kwana biyu ban ji sallamarsa ba."

"Zai bar gari, Baba. Na ce ya jira."

"Saboda ni?"

Ta share hawayenta da bayan hannu.

"Danna mini abin ɗaukar murya," ya ce. "Ni ma ina da labarin wata."

Ta danna. Baba ya gyara murya.

"Assalamu alaikum, matafiya. Ni ma na yi yawo watan nan. Na tashi daga ɗaki na je ƙofar gida, na sha iska, na dawo lafiya. Na ji rabin littafi a bakin Auta, labarin wani mai tuƙin jirgin ƙasa, ya yi daɗi. Ita Auta ba ta je ko'ina ba. Mijin da take so ma zai tafi ya bar ta, tana nan tana gadina. Shi ke nan labarinmu. Ina gaishe ku sosai."

Ta tura saƙon a zauren gidan. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Yaya Babba ne.

"Auta, me ya sa ba ki faɗa ba? Bari in turo matata, Antinki, ta riƙa..."

"Anti ubanta ne? Yaya, kai ya haifa! Kai za ka zo, da ƙafarka!"

"Ke, ni kike ɗaga wa murya?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Na yi ta yin ƙasa da ita, ba wanda ya ji."

Ya kashe wayar. Ta zauna tana jin kamar ta rushe gidan da hannunta.

Washegari ta dawo daga aiki ta tarar da takalma biyu na maza a ƙofar ɗakin Baba. Ta leƙa. Yaya Babba na riƙe da kwalbar magani yana karanta jikinta kamar takardar jarrabawa, Yaya Ƙarami kuma ya durƙusa gaban kujera, Baba na laluba fuskarsa.

"Kai, gemu ka ajiye? Tun yaushe?"

"An daɗe, Baba..." Ya kifa kai a gwiwar tsohon.

Yaya Babba ya ɗago, ya kasa haɗa ido da ita. "Ɗigo nawa ake sawa, sarkin faɗa? Zo ki koya mana. Mun raba kwanakin tsakaninmu."

Ta koya musu. Sau biyu maganin na sauka a kumatun Baba, yana cewa, "Idon yana sama kaɗan, Alhaji."

Sannan ta fita tsakar gida ta kira Dogo. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Rabin raina, lafiya? Kuka kike?"

"Kuka nake," ta ce tana dariya. "Kada ka cika akwatin nan da kayanka. Ka bar mini wuri."