Katunan Mama Ɗari Biyu

A garin Milwaukee na ƙasar Amurka akwai wata yarinya mai rawar kai. Kafin ka rufe baki ta riga ta yanke hukunci. Abin haushi!

Mamanta ma'aikaciyar jinya ce, mai ra'ayin kawo sauyi. Mako uku ta yi tana rubuta katuna ɗari biyu da hannunta, tana roƙon mutane su fito zaɓe. Ran Asabar za ta kai su gidan waya.

Ran Laraba 'yar takarar shugaban ƙasa da Mama ke goyon baya ta sanar da wanda zai yi mata mataimaki. Suna cin abinci suka ji labarin, Mama ta dangwarar da cokali.

"Wannan mutumin? Wanda ya bari aka ratsa kogi da bututun mai? Kai, na gaji da mutanen nan!"

Shi ke nan fa. Washegari yarinya ta kwashe katunan, ta zuba a kwandon tsofaffin takardu. Motar shara ta tafi da su. Wai ita ta yi gwaninta.

Da Mama ta dawo aiki ta ce, "Ina katunana?"

"Na zubar miki, Mama. Ai kin ce kin gaji da su."

Mama ta dafe kai. "Wayyo yatsuna! Zo nan, sarkin sauri. Karanta wannan."

Takarda ce a kan mataimakin, manne a jikin firiji, an raba ta biyu. Gefe ɗaya an rubuta bututun mai. Ɗaya gefen kuma: ya sa a ba 'yan makaranta abinci kyauta, ya tsaya wa ma'aikata lokacin yajin aiki.

Yarinya ta ce, "To, mutumin kirki ne ko a'a?"

"Abin da nake aunawa ke nan! Zan zaɓe su, kuma ba zan bar shi ya huta a kan bututun nan ba."

"Amma ai faɗa kika yi masa."

"Ke fa? Sau nawa nake miki faɗa a rana? Na taɓa jefa ki a shara?"

Kunya ta rufe yarinya. Ta ba da haƙuri tana hawaye. Ran Juma'a ta roƙi kakanta Wendell da maƙwabciyarsu Loretta, suka zauna su huɗu suna ta rubutu. Yatsunta suka yi tsami, amma katunan sun isa gidan waya ran Asabar.

Yara, in kun ji magana, ku tambaya, ku auna gefe biyu kafin ku yanke hukunci.