Kankanar Tsohuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu saurara.

A wani gari can bayan duwatsu, a shekarar ƙishirwa, wata tsohuwa ta tsinci kankana mai haske kamar farin wata. Ta ce wa jikokinta mata biyu, "Kashi ɗaya cikin huɗu, ko ɗaya cikin takwas? Kowacce ta zaɓa, sauran na maƙwabta ne."

Babbar ta yi wuf ta ce, "Ai takwas ya fi huɗu, Kaka. Shi nake so."

Tsohuwa ta yanka, ta yanka. Sai ga rabon babbar siriri, rabin na ƙanwarta. Babbar ta yi tagumi.

Ƙanwar ta raba nata biyu, ta miƙa wa tsohuwa guda. Ta ce, "Saki ranki, Yaya. Yanzu mu uku duk ɗaya muke."

Ƙurungus, kan ɗan ɓera.