Ciyawar Bayan Raga

Ranar Alhamis aka kori Don Evaristo Fagúndez, bayan shekara goma sha huɗu yana horar da 'yan ƙwallon Ferro. Takarda ce mai layi uku, maigadi ya miƙa masa a bakin ƙofa. Ranar ba a ci abinci da daɗi a San Laureano ba. Aka jefi ofishin kulob da ƙwai, aka ƙona taya, wata tsohuwa ta yaga katinta na memba a gaban gidan rediyo tana kuka.

Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu, gari bai gama wartsakewa daga baccin rana ba, wayar caji ofis ta yi ƙara. Shugaban kulob ne, Dakta Olivera, yana ihu wai an shiga fili an yi ɓarna da sata.

Sufeto Hilario Bentancur ya cusa filas a hammata, ya ɗauki ƙoƙon da yake shan mate, shayin ganyen ƙasar, ya ce wa Saje Píriz ya fito da mota.

"Me ake sata a Ferro, yallaɓai?" in ji Sajen, wanda ba ɗan Ferro ba ne kuma bai taɓa ɓoyewa ba. "Kofin gasa dai na san ba ku da shi."

"Tuƙa, Píriz."

Sun tarar da Dakta Olivera a bayan ragar arewa, cikin kwat, yana sharce gumi. Lauya ne, wata takwas ke nan da aka zaɓe shi, kuma har yanzu bai iya waƙar kulob ba.

"Duba, Sufeto! Duba aikin 'yan iska!"

An yanke ciyawa da ƙasarta an ɗauke, wuri biyu. Ɗaya jikin turken hagu, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki. Ɗaya ɗan ƙarami jikin turken dama, bai fi tire ba.

Sufeto ya tsura wa ƙaramin ido. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a daidai nan ya durƙusa da mahaifiyarsa suka zuba tokar gawar mahaifinsa, Don Ramón, direban jirgin ƙasa. Rabin mamatan garin nan a bayan ragar arewa suke. Doka ta hana, amma wa ya taɓa fasawa? Rabon Sufeto da ya tsaya a wurin ya fi shekara goma, kullum sai ya ce mako mai zuwa. Kunya da ɓacin rai suka taso masa lokaci guda.

"Wa kake zargi, Dakta?"

"Zargi? Na sani! Wilmar Techera, mahaucin nan mai buga musu ganga. Jiya a rediyo ya ce sai sun tone filin. Na riga na kira kofur ɗinku ya ɗauke shi."

"Me ya sa kuka kori Tsoho?"

"Sakamako."

"Wasa huɗu ya ci a jere."

"Wannan maganar kwamiti ce, ba ta 'yan sanda ba."

Sufeto ya tsuguna. Yankan a miƙe yake tsaf, babu alamar hannun mai fushi. A kusurwar babban ramin ya ga wani abu a cake cikin ƙasa, ya zaro: maƙalin shanya ne na katako, ya yi baƙi don tsufa. Ya jefa shi a aljihu.

A hanyar fita suka wuce ɗakin wanki. Doña Zulma, wadda shekara arba'in da ɗaya take wanke rigunan Ferro, tana shanya. Iska ta kaɗo wata riga ƙasa, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka, hannu ɗaya a ƙugu.

"Doña Zulma, ba ki ji motsi ba da rana?"

"Barci nake, Hilarito. Kai kuma ka rame. Ba a ba ka abinci ne?"

Duk garin ita kaɗai ke kiransa haka. Ya yi murmushi ya wuce.

A caji ofis, Wilmar Techera ya cika bencin sel shi kaɗai. Ƙato ne, idanunsa sun yi jawur, kuma ba na giya ba ne.

"Ni ne, Sufeto," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Rubuta."

"Da me ka yanka?"

"Da wuƙar sana'ata mana."

"Rami nawa?"

Wilmar ya ɗan kalli rufi. "Uku."

"A ina?"

"Wajen da ake buga fenareti."

Píriz ya kwashe da dariya, Sufeto ya harare shi ya yi tsit.

"Wilmar, bara da ka fasa wa ɗan kulob ɗin Rampla baki, alƙali ya rataya maka shekara biyu. Ya ce in ka sake laifi ko na ƙwayar zarra a filin nan, sai ka yi su cif. Ranar Litinin za a kai ka gabansa. In na rubuta abin da ka faɗa, ka tafi ke nan. Matarka Yamila ce za ta saɓi cinyar sa a shago, da tsohon ciki?"

Ƙaton ya sunkuyar da kai.

"Tsohon nan shi ya zo jana'izar uwata cikin ruwan sama, ranar muna da wasa. Suka kore shi kamar kare, Sufeto. Ko ban kwana ba su bar mu mun yi masa ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Na ce ni ne. Rubuta."

Sufeto bai rubuta komai ba. Abu ɗaya ya gane: Wilmar bai ma ga ramukan ba, kuma ya ɗauka Don Evaristo ne ya yi.

Asabar da hantsi suka tsaya a ƙofar gidan Don Evaristo, bayan tsohuwar tashar jirgi. Magoya baya sun rataye riguna da tutoci a jikin katanga, wani ma ya ajiye kwanon gasasshen nama a rufe. Ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashin ƙofa har bakin titi.

Tsohon yana tsakar gida da tiyo a hannu. A gindin bishiyar lemon tsami ga ciyawar nan a shimfiɗe, kore shar.

"Ba sai ka wahala ba, Bentancur. Ni na ɗauko. Saki yaron nan."

"Zuba mini mate tukuna, Koci."

Don Evaristo ya karɓi filas. Hannunsa yana karkarwa, ruwan zafi ya zube a ƙasa, ya zube a takalminsa, kaɗan ne ya shiga ƙoƙon. Suka dubi juna. Wannan hannun ko burodi ba zai yanka a miƙe ba.

"Me ya haɗa ka da Olivera?"

Tsohon ya zauna a kan kujerar roba.

"Ranar Litinin katafila za ta shiga. Za su kankare filin gaba ɗaya, har bayan raga, su shimfiɗa ciyawar roba. Ƙasar kuma a kai bola. Sun so a yi shiru sai an gama. Na ce in dai ina nan, ba za a yi ba." Ya buɗe hannuwa. "To, ga shi ba na nan."

"Kuma tokar matarka, Doña Nélida, tana jikin turken hagu."

"Shekara uku. Kullum kafin atisaye sai na tsaya na faɗa mata waɗanda zan saka. Ba ta taɓa yarda da golana ba." Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. "Kora ba komai ba ce, ɗana, kowane koci da jakarsa a ɗaure yake kwana. Amma sun hana ni shiga wurin matata."

Sufeto ya juya ya dubi ciyawar don kada ya dubi fuskar tsohon. Ba a dunƙule aka yanko ta ba. Gida-gida ce, goma sha biyu, duk girmansu ɗaya, kowanne daidai rigar ƙwallo in an ninke ta.

"Ina ƙaramin, Koci?"

"Wane ƙarami?"

"Na turken dama."

"Ban san wannan ba," in ji Don Evaristo, kuma a karon nan gaskiya ya faɗa.

Sufeto ya sa hannu a aljihu ya taɓa maƙalin shanyar. Mutum uku ne a bayan raga ranar da aka zuba tokar mahaifinsa: shi, da mahaifiyarsa da ta riga mu gidan gaskiya, da wadda ta buɗe musu ƙaramar ƙofa lokacin da gari ke baccin rana. Tun jiya zuciyarsa ta faɗa masa, shi ne dai ya ƙi saurara.

A mota Píriz ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar ogansa, ya fasa.

Ɗakin wanki yana ƙamshin sabulu da guga. Doña Zulma tana ninke riguna, ga baron da take tura wanki a jingine, an wanke shi tas, sai dai laka ta maƙale a tayar. Sufeto ya ajiye maƙalin a kan tebur.

"Naki ne?"

"Duk garin nan ana shanya, Hilarito."

"Wilmar ya ce shi ne. Ranar Litinin zai tafi gidan yari, shekara biyu."

Hannunta ya tsaya a kan rigar.

"Ba tara za a ci shi ba? Ce mini aka yi kwana ɗaya zai yi a sake shi."

"Shekara biyu, Doña Zulma."

"Wayyo, sakaran yaro! Ni na ɗinka masa rigar Ferro ta farko, kansa ko shiga ba ya yi." Ta ja kujera ta zauna. "To, ɗauko biro."

Ba ta ɓoye komai ba. Ita ke kai wa kwamiti kofi, kuma wa ke rage murya don mai wanki ta shigo? Ta ji maganar katafila ranar Laraba. Ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya ta ɗaura igiyar shanya a kan maƙalai huɗu don layi ya miƙe, ta yanka da wuƙar kicin, ta yi sawu uku da baro zuwa gidan Tsoho, ta rufe da tawul. Ko kare ba ta gamu da shi a titi ba.

"Nélida ƙawata ce tun muna 'yan mata a masaƙa. In bar ta a zubar a bola?"

"Ƙaramin fa?"

Ta nuna masa ƙarƙashin teburin guga. Ya ɗaga zanen da ya rufe wurin. Farin daro ne mai bakin shuɗi, cike da ƙasa, ciyawar a jiƙe, da alama ba a daɗe da ba ta ruwa ba.

"Don Ramón ne. Na ce bari in ajiye maka, tun da kai aiki ya hana ka zuwa. Ban san yadda zan ba ka ba, kana ɗan sanda."

Sufeto Bentancur, mai shekara hamsin da huɗu, wanda ya ɗaga gawa ba adadi bai ko ƙifta ido ba, ya tsuguna a gaban daron wanki ya kasa tashi. Píriz ya cire hularsa ya fita waje.

"Mutum ɗari da arba'in da shida na buɗe wa ƙofar nan," in ji Doña Zulma a hankali. "Na san inda kowa yake. Ga mai gidan burodi, ga tagwayen Sosa, ga malam Ubaldo na firamare. Na so in kwashe su duka, Allah ya sani. Biyu kawai bayana ya iya."

Ya miƙe ya goge fuska.

"Dole in tafi da ke. In ba haka ba, ba zan iya sakin Wilmar ba. Kuma Olivera ba zai bar ki a aikin nan ba."

"Na sani. Bari in gama ninke na gola."

Ta gama, ta jera su a kan lamba kamar kullum, ta kashe dutsen guga. Ta cire makullin ƙaramar ƙofa daga wuyanta ta rataye a ƙusa. Babu wanda ya yi maganar ankwa. Ta riƙe hannunsa don matakalar tana ba ta wuya, suka fito tare.

Píriz ya buɗe but ɗin mota. "A sa kayan shaida a nan, yallaɓai?"

"Rufe."

Sufeto ya zauna a baya kusa da ita, daron a kan cinyarsa, ruwan laka yana ɗiga a wandon kakinsa. Da motar ta zagayo bakin babbar ƙofa, sai ga katafila rawaya a kan tirela, an riga an kawo ta, direban yana cin burodi a inuwarta.

Doña Zulma ba ta kalli wajen ba. Ta miƙa hannu ta gyara wani gefen ciyawar da ya karkace.

"Safe da yamma za ka riƙa ba shi ruwa, Hilarito," ta ce. "Kuma kada ka ajiye shi a rana. Mahaifinka duk rayuwarsa a ɓangaren inuwa yake kallon wasa."