Faifan Mma Rashidatu

Ranar da Tajudeen ya fara ganin Mudassira, kuka take yi gaban kwamfutar gidansu a Salaga, tana danna maɓalli kamar za ta huda shi. Tiren faifai ya ƙi fitowa, kuma abin da ke ciki bidiyon dawowar marigayiya mahaifiyarta, Mma Rashidatu, daga Makka ne. Duk duniya muryarta a nan kaɗai ta rage.

"Ki bar shi haka, Hajiya, ba ya jin lallashi," in ji shi. Mai gyara ne daga Yendi, maƙwabta suka turo shi. Ya ari fil ɗin mayafinta ya zura a wani ɗan rami ƙarƙashin tiren, sai ga shi ya fito. Ta ɗago ta dube shi, shi kuwa bawan Allah har ya manta da mayar mata da fil.

Da aka mayar da faifan, injin ya yi ta gurnani, ba hoto ba murya. Tajudeen ya kai faifan hanci.

"Wa ke shafa masa turare?"

"Baaba. Duk Juma'a kafin masallaci. Wai Mma ba ta zama ba ƙamshi."

Man turaren ne ya rufe idon injin da ke karanta faifai. Tajudeen ya ce zai dawo da kayan wankewa, amma kada ta faɗa wa tsohon. "Mutum na shafa wa matarsa turare, in ce masa ɓarna yake yi? Wallahi ba da bakina ba."

A nan zuciyarta ta tafi. Kafin mako ya zagayo, a saƙonnin waya ta koma "Hasken idona", shi kuma "Nurina".

Sai mahaifinta, Alhaji Zulkarnain, ya dawo daga fataucin doya a Bawku, tare da Faruq, ɗan abokin cinikinsa, wanda ya daɗe yana son Mudassira. Aka sa faifai, shiru.

"Ai yaron Yendin nan ne ya lalata shi, don ya samu hanyar dawowa gidan," in ji Faruq.

Alhaji ya miƙe. "Wanda ya kashe mini muryar Rashidatu kada ya sake taka mini ƙofa!"

Faruq, uban iya, ya ce shi zai gyara da kansa: man goge haƙori da soso, bayan La'asar. Mudassira ta ɗauki waya. Ta rubuta wa Tajudeen:

"Nurina, Faruq zai goge faifan da soso. Baaba ya rantse ba za ka shigo ba. Tsoro nake ji."

"Hasken idona, soso zai kashe shi har abada. Ɓoye shi a jikinki. Ga ni bisa babur."

La'asar ta yi. Alhaji ya miƙa hannu, ita kuwa ta ƙanƙame faifan cikin hijabi. Ba ta taɓa yi masa musu ba sai yau. Yana ɗaga murya aka yi sallama.

Tajudeen ya durƙusa, jar ƙasar hanya har gira. "Baaba, ni na taɓa shi ƙarshe. A ba ni dama sau ɗaya. In bai yi ba, ba za a sake ganina a Salaga ba."

Mudassira ta miƙa masa faifan. Ya wanke shi a hankali, ya buɗe injin ya goge idon da auduga. Audugar ta faɗi kusa da ƙafar Alhaji. Tsohon ya ɗauka ya shinshina, ya daɗe bai ajiye ba.

Injin ya yi gurnani, ya tsaya, ya sake juyawa. Mudassira ta runtse ido.

"Alhaji, matso kusa da ni mana, kunyar wa kake ji?" Muryar Mma ce, tana dariya.

Alhaji ya zauna daɓas, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Ka san turarena ne tun farko?"

Tajudeen ya sunkuyar da kai.

"Na zage ka, ka rufa mini asiri. Ka turo manyanka."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure, dangin Yendi suka cika unguwa. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya riƙe hannun ango ya ce, "Yadda ka tausaya mini, ka tausaya mata. Allah Ya yi muku albarka." Mudassira ta amsa da amin, kuka ya ci ƙarfinta.