Ƙofar Malati a Buɗe

"Ka je ka ce mata ta rufe ƙofar nan!"

"Ƙofarta ce, Ma."

"Kuma ɗana ne zai shiga daji! Ta rufe, ta taje kanta, ta shafa mai kamar kowa. Zaman jiran wa take yi? Miji gare ta?"

Na ci gaba da ɗaure buhun shinkafa. Na gaji da maganar nan tun kafin a fara ta.

A garinmu, in maza suka shiga dajin ruwa neman zuma, matansu kan zauna kamar masu takaba. Ba taje kai, ba shafa mai, ba hura wuta da rana, ƙofa kuma ba a rufe ta sai maigida ya dawo. Ni ba ni da mata. Amma tun jiya Malati, bazawarar da nake so, ta bar gashinta a yamutse, ƙofarta a wangale, duk wanda ya bi ta bakin kogi ya gani.

Ma, mahaifiyata, ta juya ga hoton Uwa Kali, allahiyar da muke bauta wa, mai baƙar fuska da jan harshe a waje. Ta ajiye jan fure, ta ɗauki carbi.

"Om kring Kalikayai namah..."

Sai ta katse. Ban taɓa jin ta katse ba.

"Kanai, bakina ba zai ja maka addu'a ba, zaren tsari ma ba zan ɗaura maka ba, muddin mai cin mijin nan na zaune dominka. Ta cinye ɗaya, yanzu nawa take so!"

Na fita.

Malati na zaune a bakin ƙofa, gashi ya rufe mata rabin fuska. Mijinta Gobindo damisa ta ɗauke shi a wannan dajin. Ranar an yi hadari, ruwa na shigowa ɗaki, ta ja ƙofa ta rufe. Shi ke nan laifinta. Tun lokacin ba a gayyatarta biki.

"Kin yi kama da aljana," na ce.

"Kai kuma ka yi kama da wanda uwarsa ta aiko."

"Ta aiko ni."

"To faɗa mini."

Na kasa. Na zauna a ƙasa, na cusa hannuwana tsakanin gwiwoyina. Ban taɓa shiga dajin ba. Na gama makaranta, takarda ba ta cika tukunya ba.

"Tsoro kake ji?"

"E."

"Ni ma. Tun asuba nake kiran Uwa Kali, har muryata ta dushe. Ba ni da carbi, da yatsu nake ja."

"Malati, rabin raina... in wani abu ya same ni, ke za su kama. Wannan karon sai sun kore ki daga garin."

"Na sani."

"To ki rufe mana!"

Ta ɗago, idonta jawur. "Na taɓa rufewa, Kanai. Ka aure ni ko kar ka aure ni, wannan ruwanka. Amma hannuna ba zai sake taɓa ƙofar nan ba sai na gan ka tsaye a bakinta."

Daga bakin kogi Baffa Jatin, shugaban tafiyarmu, ya ƙwala kira. "Ango! Ruwa na janyewa! Ko mu ce wa ƙudan zuma su jira ka gama zance?"

Sauran mazan suka kwashe da dariya.

Na tarar da Ma a gindin kwalekwale, jan zare dunƙule a hannunta. Ta dubi bayana. Ƙofar na nan a buɗe, Malati kuma ta biyo ni, ta tsaya nesa kaɗan.

"Ba ta rufe ba," in ji Ma.

"Ba za ta rufe ba."

"Ashe ka zaɓa."

Raina ya gaji. Na faɗi abin da ba a faɗa a gidanmu. "Ma, ranar da dajin nan ya ci Baba, kin rufe taki?"

Dariyar mazan ta ɗauke. Baffa Jatin ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Ma ta dubi zaren da ke hannunta. "Ban rufe ba. Ko a cikin ruwan sama ban rufe ba."

"Me suka kira ki?"

Ta kau da kai. Sunan da take kiran Malati da shi ne.

Na miƙa hannuna haka nan. Na rufe ido, na fara jan addu'ar da kaina. "Om kring Kalikayai namah... Uwa, ki tsaya a bayana. Uwa, ki ba ni zuciya." Na maimaita. Daga baya na ji wata dusasshiyar murya ta ɗauka. Can sai ta uku, wadda na sani tun ina goye.

Zaren ya zagaye wuyan hannuna. Ma ta ja shi da ƙarfi har ya yi mini zafi.

"Ka dawo," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Ka dawo da ƙafarka, ni da kaina zan kai mata mai da mataji. Na rantse da Uwa."

Malati ta toshe bakinta da gefen zaninta.

Na shiga kwalekwale. Baffa Jatin ya kafa gora, muka fara rabuwa da tudu. Na dube su, mata biyu, tazara a tsakaninsu, leɓunansu na motsi tare.

"Ma!" na ɗaga murya. "In kuma ban dawo ba... wa zai tsaya mata?"