Farin Dutse a Tungar Kalla

Rariya na hannun Mansura, gari na zuba rabi a ƙwarya rabi a ƙasa, ita kuwa idonta ya tsallake katangar gidansu ya tafi can gangaren tudu, inda kawalwalniya ke rawa a kan faƙo. A cikin rawar nan take hango wata 'yar bukka da jaki a ɗaure, su ɓace su dawo, kamar ba a ƙasa suke zaune ba.

— Ke Mansura, in ji mahaifiyarta Inna Biba tana fifita wuta, garin ga na tuwo na ko na kaji? In ko sadaka kike yi, ki hwaɗa min in sa niyya.

Mansura ta yi firgigit, ta gyara rariya, ta ce iska ce. Inna Biba ta dubi hayaƙin murhunta da ke tashi miƙe sak, ta yi murmushi. Ta san sunan iskar, Almu ake ce masa.

Tungar Kalla na can kan wani tudu tsakanin Buza da Keita, inda babu abin da ido zai gani sai jajayen duwatsu da sararin Allah. Lokacin da Mansura ke kwalej a Buza, wani malaminsu ya taɓa nuna musu hoton jar duniyar nan ta sararin sama, Mars, a portabul, wato wayar hannu, ta yi dariya ta ce ai wannan bayan gidansu ne. Tun daga ranar take ji a ranta kamar su wasu mutane ne da aka sauke a wata duniya aka manta da su. Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Iyayensu sun hau tudun ne bayan kwazazzabo ya cinye gonakinsu na gado, mahaifinta Malam Kalla a gaba. Suka tsince duwatsu da hannu, suka jera su layi-layi a gonaki don su tare ruwan sama da 'yar ƙasar da yake ɗebowa. Da jerin dutsen nan ake rayuwa a tungar. Shi ya sa suka kafa doka cewa duk wanda ke da dutse a jerin wata gona, yana da rabo a cikinta.

Akwai doka ta biyu, wadda ta fi wannan tsauri. A farkon zamansu wani baƙo mai daɗin baki ya sauka, suka yanka masa kaza, ya bar musu irin gero wai mai saurin nuna. Geron ya yi tsawo ya yi ganye, ruwa ya ɗauke bai fid da kai ba. A yunwar shekarar Malam Kalla ya binne ɗansa na goye. Daga nan aka yi wa tungar katanga da ƙofa ɗaya, aka ce baƙo ya tsaya waje, irin waje kuma ba ya shiga. Ba a hana baƙo ruwa, amma a bakin ƙofa ake miƙa masa, ƙwaryarsa ma daban take.

Mansura ce ta miƙa wa Almu wannan ƙwarya ranar da ya iso daga Allakaye da jakinsa. Shi ma ruwa ya zaizaye gonar ubansa, ya ji labarin masu noma a kan dutse, ya zo neman wurin zama. Dattawa suka ce daga ƙofa zuwa sama ba shi, daga gangare zuwa ƙasa kuwa ƙasar Allah ce. Kowa ya ɗauka zai juya. Sai ga shi ya kafa bukka a kan faƙon da ko akuya ba ta tsayawa, ya shiga haƙa tassa, wato ƙananan ramukan da ake zuba wa taki a jira ruwa.

Duk la'asar yakan hawo shan ruwa, kuma abin mamaki, duk la'asar sai aiki ya kai Mansura wajen ƙofa.

— Ba ka gajiya da hawan tudun ga don ruwan ƙwarya guda? ta tambaye shi wata rana.

— Ruwan ƙasa akwai gishiri, in ji Almu.

— Ƙarya kake, rijiyar kwari ta hi tamu daɗi.

— To, ƙila ba ruwan na ba.

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ta so shi, so mai nauyi, irin wanda ke sa mutum ya ji tausayin kansa. In ya juya yana gangarawa, takan tsaya har sai ya zama ɗan ɗigo a cikin jan hasken yamma, tana gina musu ɗaki a zuciya, da rumbu, da bishiyar da babu irinta a tudun.

Da Almu ya turo wani dattijo daga Allakaye neman aurenta, a bakin ƙofa aka shimfiɗa masa tabarma. Malam Kalla ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce:

— Ni ba ni yi ma ɗiyata tilas, ta zaɓi wanda take so cikin tunga. Amma ita ba ta gangarawa, shi ko ba shi hawowa. Ku yi haƙuri.

Mansura ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Almu ma bai tashi daga faƙonsa ba.

A ranin nan ciwon baya ya kwantar da Malam Kalla. Babban ɗansa Alhusaini yana cin rani a Abijan, ga jerin dutsen ƙarshe na gonarsu, wanda ke daidai bakin gangare, ya zube a wurare da yawa. Mansura ta ambata wa Almu a cikin hira, don kawai ta sauke abin da ke ranta. Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Ya riƙa ɗoro duwatsu a jaki daga kwari yana cike gurabun, yana tsaye ta waje, bai taɓa sa ƙafarsa cikin gonar ba. Sai dai dutsen kwari fari ne tas, wani ma da zanen ƙwanson kifi a jikinsa, na tudu kuwa ja. Ko makaho ya shafa zai bambance su.

Alhusaini ya dawo gab da damina, an riga an yi binne, wato an shuka iri a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwan farko. Ya zaga gona, ya dawo gida yana huci, da farin dutse a hannu. Ya dire shi gaban mahaifinsu.

— Baba, ka ga abin da baƙon ga yay yi? Ya sa dutsinai cikin jerinmu. Gobe sai shi ce shina da rabo a gona. An hana mai ɗiya, ya biyo ta ƙasa.

— Yaya, wallahi ba haka na ba, in ji Mansura. Ni nig gaya mai Baba ba shi da lahiya. Bai ma san dokar ga ba.

— Ke rufa min baki. Wancan ma da yak kashe muna shekara, da taimako yaz zo.

Malam Kalla ya daɗe yana juya dutsen a hannu. Ba mugun mutum ba ne, amma wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya tsorata. Ya ce a cire.

Maza suka fita suka zazzare fararen duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suna mirgina su gangare. Almu na tsaye can ƙasa yana kallo, hannunsa a baya. Mazan suka ce gobe za su cike da jajaye, sun manta cewa jajayen da ke kusa duk an tsince su tun shekaru, sai an je nesa an haƙo. Aka bar jerin da giɓi kamar bakin tsohuwa, gabas kuma ta riga ta fara haɗa baƙi.

Washegari da azahar ruwa ya sauko, irin wanda tsofaffi ke cewa sun daɗe ba su gani ba. Mansura na tsaye a ƙofar ɗaki tana kallon tudun duka ya koma fari, ƙamshin ƙasa ya cika mata ƙirji, har ta manta da baƙin cikinta na ɗan lokaci. Gonakin kowa suka riƙe ruwa suka kwanta lumui. Ta Malam Kalla kaɗai ruwa ya sami ƙofa. Ya bi ta giɓin nan da ƙarfi, ya kwashe ƙasar da aka tara shekara da shekaru, da taki, da irin da aka binne, ya gangara da su. Da gari ya waye babu komai a gonar sai tsurar dutse mai sheƙi. Irin nan kuwa shi ne na kakanninsa, mai baƙin gashi a zangarniya, kuma duk abin da ya rage masa ke nan ya shuka.

Ina ruwan ya tsaya? A ramukan Almu. Kafin sati biyu faƙon nan ya yi kore shar, tun daga tudu ake hango shi. Mutanen tunga suka ce ai ga ta nan, asiri ne, da ma abin da ya shirya ke nan. Ba wanda ya tuna hannun wa ya buɗe wa ruwan hanya. Aka hana Mansura zuwa ƙofa, aka daina miƙa wa Almu ƙwarya.

Daminar ta yi wa Mansura tsawo. Ta rame, ta rage magana, tana yi wa mahaifinta gashin baya safe da yamma ba tare da ta nuna masa fushi ba. Abin da ke riƙe da ita ɗaya ne. In ta leƙa ta kan katanga, bukkar na nan, hayaƙi na tashi.

Da kaka ta yi, wata safiya masu zuwa gona suka tarar da dammunan gero jibge a bakin ƙofa, Almu na sauke na ƙarshe daga bayan jaki. Ya koma gefe ya zauna a kan dutse, a waje kamar kullum. Labari ya kai gida. Malam Kalla ya dogara sanda ya fito, Inna Biba a bayansa, Mansura kuma ta maƙale a jikin katanga inda za ta ji.

— Yaro, mi ke nan? in ji Malam Kalla.

— Baba, kayanka na. Ƙasarka ta, irinka na, ruwa ya kawo min su ajiya. Na hid da abin da nis shuka da hannuna, sauran ga shi. Dutsin da nis sa kuma, ka gahwarce ni, ban san shina da wata ma'ana ba wurinku.

Malam Kalla ya zaro zangarniya ɗaya. Baƙin gashin nan na nan, tsabar ta cika fam. Ya murza ta a tafin hannu, ya kai hanci. Ya riga ya fid da rai zai sake ganin irin ubansa a duniya.

— Baba, in ji Alhusaini, amma muryarsa ba ta da ƙarfin da, doka ta ce irin waje ba shi shiga.

Gaskiya kuwa ya faɗa. Geron nan a waje ya tsira, a waje ya nuna, a hannun baƙo. Inna Biba, wadda ba ta saba sa baki a gaban maza ba, ta gyara lulluɓi ta ce a hankali:

— Malam, ka tuna sadda ruwa yac cinye muna gona, garuruwa nawa munka tsaya bakin ƙohwa da goyo a baya? Kai kac ce min ba ka mance ɗacin abin ba har ka mutu.

Tsohon ya dubi dammunan. Hawaye ya gangaro masa cikin furfurar gemu, bai share ba.

— Mutum guda ya cuce ni, in ji shi, nir rama ga duk duniya. Da hannunmu munka ɓalle jerinmu don kar a ce baƙo ya taimake mu. Yanzu in ɗauki hatsi in bar wanda yar rene shi cikin rana? Wace irin doka ta wagga?

Ya miƙa wa Alhusaini sandarsa, ya taka da kansa ya fita ƙofa, ya kama igiyar jakin Almu.

— Tashi, ɗana. Ni za ni ja, kai ka biyo.

Mansura ta ga jakin ya sako kai cikin tunga, mahaifinta a gaba yana ɗingishi, Almu a baya kansa a sunkuye. Ta sulale ta zauna a gindin katanga tana kuka tana dariya, daɗi ya yi mata yawa.

Kafin sanyi ya shigo aka ɗaura aure. Alhusaini ne ya fi kowa ɗora wa ɗakin amarya jinka, yana yi yana ɓata rai don kar a ce ya sauko.

Haka mugun zato yake, mai shi yake fara ci kafin ya kai ga wanda ake zargi. Wanda ya toshe ƙofarsa saboda mutum ɗaya da ya cuce shi, ranar da alheri ya zo shi ma a waje zai tsaya. Mai haƙuri kuwa, ko a kan faƙo aka ajiye shi, Allah ya san hanyar da zai gangaro masa da rabonsa.

Ranar da aka kai Mansura ɗakinta, Malam Kalla ya kira angon gefe, ya riƙe hannunsa ya ce:

— Na hana ka ita don ina tsoron ka tahi min da ita. Ashe kai ko abin da ruwa yab ba ka kyauta, maido shi kake yi.