Takardar da Ta Ƙi Sa wa Hannu

Ranar da aka fara turo shi ɗakin gashin ƙashi, ta tarar da shi ya kama ƙarfen saman ƙofa yana ɗaga jikinsa da hannu biyu, ƙafar dama cikin simintin asibiti, sandunansa zube a ƙasa.

"Malam, sauko," ta ce. "Nan asibiti ne."

Ya diro da ƙafa ɗaya yana haki, ya ɗago ya dube ta, sai hakin ya koma murmushi. Ɗan kwana-kwana ne, tsani ya zame da shi a wajen aiki, ƙashin tafin ƙafarsa ya karye. Ita kuwa shekararta biyu tana aikin gashi a sashen, ba ta taɓa ganin majinyaci mai rawar kai irinsa ba. Tun ranar ta laƙaba masa Gaggawa, shi kuma ya rama da Sannu-sannu.

Damuwarsa guda ce. Sabon ɗauka ne, nan da wata biyu za a yi musu gwajin ƙarfi, gudu da hawan tsani da buhun yashi a kafaɗa. Wanda bai shiga ba, ba za a tabbatar masa da aiki ba sai ya jira zagaye na gaba.

Ta tsara masa abin da zai riƙe jiki: ɗaga ƙarfe yana zaune a kujera, jan roba da aka ɗaure a taga, kwanciya a katifa yana ɗaga ƙafa sau ashirin, yatsu kuma su yi ta motsi. Sharaɗinta ɗaya, kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa.

Kafin sati uku, saƙonnin waya sun wuce maganar ƙafa.

"Sannu-sannu, na yi ashirin ɗin. Na ƙara ɗaya saboda ke."

"Cire ɗayan. Ni ba a yi mini ƙari."

"To a zuciya fa?"

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Can ba ni da ikon hanawa."

Da magana ta isa gida, Baba ya murtuke fuska. Dama yana da nasa a rai, ɗan amininsa mai kantin magani, yaro mai sanyi wanda ba ya hawa komai sai kujera.

"Mai shiga wuta, ga karaya, ga aikin ma bai tabbata ba," in ji Baba. "So ya rufe miki ido. Amma ba zan matsa miki ba. In ya ci gwajin nan, ya turo manyansa. In bai ci ba, kada ki sake kawo mini zancensa."

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa Gaggawa.

A sati na shida ya zo da fara'arsa, ya hau gado. Ta ɗaga ƙafar kamar kullum, sai gabanta ya faɗi. Ƙasan simintin ya yi baƙi ƙirin, dunduniyar ta cinye. Wanda ke bin sanda, ƙasan simintinsa fari yake zama.

"Tun yaushe kake takawa?"

Ya kawar da kai. "Kwana goma. A matakalar gidanmu. Kaɗan-kaɗan."

Hoton ƙashi ya nuna tsagin bai gama haɗewa ba. Aka cire simintin, aka sa masa takalmin asibiti mai tauri, likita ya ƙara masa sati huɗu. Gwaji kuwa saura sati biyu, kuma ba a shiga sai da takardar sashen gashi mai cewa ƙafa ta iya. Ya fito da ita daga aljihu, ya ajiye a gabanta.

"Ki sa hannu. Minti goma sha biyu ne gudun, zan daure."

"In ta sake karyewa a nan, ƙarfe za a sa maka. Ƙila ka gama da tsani har abada."

"In ban shiga ba, na rasa ki."

Ta ɗauki biro, ta sake ajiyewa. Tana son sa har cikin ranta, kuma ta san halin Baba, ba ya magana biyu. Ta tura masa takardar.

"Gara in rasa ka kana tafiya da ƙafarka."

Ya ɗauki sandunansa ya fice, ko waige babu. Sati biyu ba kira, ba saƙo. Ta rame, abinci ma sai Mama ta tsare ta. Mai kantin magani ya zo gaisuwa sau biyu, ta zauna tana amsa shi da "to" da "haka ne". Ranar gwaji ta zo ta wuce.

Washegari da hantsi tana shirin fita aiki, ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a ƙofar gida. Ta laɓe bayan labulen falo, ta kasa kunne.

"Baba, ban shiga gwajin ba," ta ji yana cewa. "Na kai mata takarda ta ƙi sa hannu, na yi fushi. Da na je filin jiya na ga yadda ake dirowa daga tsani, na san ita ce da gaskiya. Na san sharaɗinka, ban zo roƙo ba. Na zo ne kada a ga laifinta."

Can Baba ya kira ta, ta fito ta durƙusa.

"Kin san abin da ƙin sa hannun nan zai jawo miki?"

"Na sani, Baba."

Ya dube ta. "Na ce so ya rufe miki ido. Ashe duk cikinmu ke kaɗai ce idonki a buɗe." Ya juya wajen saurayin. "Kai kuma, ajiye ƙafar nan a kan kujera. Yaushe ne zagaye na gaba?"

"Wata huɗu, Baba."

"Ba sai na jira shi ba. Turo manyanka."

Ta sunkuyar da kai, hawayen da ta riƙe sati biyu suka zubo.

An ɗaura aure bayan wata biyar, sati uku da cin gwajinsa. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya sa su riƙa gaya wa juna gaskiya ko da za ta yi ciwo. Duk falon aka amsa da amin, muryar ango ta fi ta kowa ƙarfi.